Jita mai ƙyalli ko maras ado: wacce zan kai gida?

Assalamu alaikum malamai. Ni matashi ne daga wani ƙauye a yankin Ringim. Na daɗe ina koyon jita da ta aro, ina rera waƙoƙina da ita. Bana na sayar da riɗina, Yaya ya cika mini, na shiga Kano na ga jita biyu a wani shago a Sabon Gari. Ɗaya baƙa ce wuluk, sai sheƙi take, an zagaye gefenta da wani abu mai walƙiya, an zana furanni a wuyanta, kunnuwanta na ɗaure tsirkiya ruwan zinare, kuma tana da wurin jona waya zuwa sifika. Ɗayar launin katako ce kawai, ba zane ba komai. Mai ƙyallin ta fi tsada da kusan rabin kuɗin ɗayar. Da na taɓa su sai na ji kamar maras adon ta fi daɗi, amma ban yarda da kunnena ba. Yaya ya ce tunda da kuɗinsa a ciki, kada in kawo masa abin da za a ce kafintan ƙauye ne ya haɗa. Abokai ma sun ce a bidiyo da wurin biki ido ne ke fara gani. Ba na son saɓa wa Yaya, ba na kuma son noman shekara ya tafi a banza. Wacce zan saya?

Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Allah ya sa wa noma albarka. Idan maras adon ta ci gwaje-gwajen da za mu faɗa maka, ita za ka saya, ragowar kuɗin ka kashe a kan gidan ajiye jitar, tsirkiya da na'urar ɗaukar sauti. Amma kada ka koma shagon da hukunci a aljihu, domin rashin ado ma ba shaidar nagarta ba ne. Akwai jita maras ado kuma maras murya, kasuwa cike take da irinta.

Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata ƙara. Idan ka kaɗa ta, girgizarta na bi ta jaki, wato katakon nan da aka liƙe a fuskar jita inda tsirkiyoyi suka ƙare, sai jakin ya girgiza fuskar, fuskar ta tura iska. Aikin fuskar jita aikin fatar ganga ne: a yi mata nauyi ko a danne ta, murya ta mutu. Shi ya sa ake yin ta siririya, kaurin milimita 2.5 zuwa 3, da katako maras nauyi mai ƙarfi irin sufurus ko sida, sannan a tokare ta daga ciki da 'yan sanduna don ta iya ɗaukar jan tsirkiyoyi. Jan kuwa ba kaɗan ba ne. Tsirkiyoyin ƙarfe shida masu lambar kauri 12 zuwa 53 suna jan fuska da nauyin da ya haura kilo 70, dare da rana. Antonio de Torres, maƙerin jita na Sifen wanda jitar gargajiya ta yau ta gaji sifarta daga gare shi, ya yi wata a 1862 wadda bayanta da gefenta na kwali ne, fuskar ce kawai katakon kirki, don ya nuna inda murya take fitowa. Tana nan a gidan tarihin kiɗa na Barcelona. To duk wani ado, tambayar da za ka yi masa ɗaya ce: a kan fuska yake, kuma yana da nauyi?

Furannin wuya ba su ƙara murya ba su rage ta, don wuya ba shi ne ke tura iska ba. Ruwan zinaren kunnuwa ma haka, kuma gumin hannu zai cinye shi, launin ƙarfen da ke ƙasa ya bayyana. Akwai ma adon da yake da aiki. Zirin da ake zagaye gefen jiki da shi yana kare bakin katako daga bugu da shigar danshi. Zoben da ke kewaye da ramin sauti, idan gurbi aka yanka aka dasa shi, yana taimakawa wurin hana tsaga ta taso daga bakin ramin. A jita mai araha sau da yawa sitika ce kawai aka manna aka bi da man sheƙi, ba ta tsare komai. Falen robar da ke ƙasan rami yana kare fuska daga ƙarzar farce, amma idan ya yi faɗi da kauri ya zama kaya.

Inda muke da magana da baƙar jitar nan shi ne fentinta. Jita mai kyau ana fesa mata man sheƙi siriri ƙwarai, kaurin falle ɗaya ko biyu na takarda. A masana'antar da ke fitar da dubbai cikin gaggawa, ana kwarara mai kauri, wani lokaci rabin milimita ko fiye, saboda mai kauri yana rufe rami da kaushin katako ba sai an sha wahalar gogewa ba, kuma ya fi ɗaukar ido a shago. Rabin milimita na roba busasshiya a kan katakon da bai wuce milimita 3 ba yana ƙara masa nauyi, yana hana shi motsi yadda ya kamata. Sautin da ke fitowa gajere ne, kamar an toshe masa hanci. Sannan baƙin fenti labule ne. Mai yin jita launin katako dole ya sa katakon da zai iya nunawa, mai fenti baƙi kuwa ba wanda ya san abin da ya rufe. Ba mu ce duk baƙar jita ɓoye take yi ba, manyan kamfanoni ma suna yin baƙaƙe masu kyau. Amma a jita mai araha, kuɗin da ya tafi a fenti, furanni da ruwan zinare daga wani wuri aka zaftare shi, kuma galibi daga katako ne da aikin daidaita wuya. Ka duba lungun da wuya ya haɗu da jiki: idan man sheƙin ya taru ya cike kusurwar har ta zama kwana mai santsi, fentin ya yi kauri. Ƙari a kan haka, baƙi yana zuƙar rana. A filin biki cikin bazara baƙar jita tana zafi fiye da mai haske, zafi kuma yana sassauta gam, jaki ya fara ɗagawa.

Yaya zai iya cewa ai manyan mawaƙan duniya jitocinsu da ado. Gaskiya ne. Kamfanin Martin na Amurka, wanda aka kafa a 1833, yana yin D-28 mai ɗan ado kaɗan da D-45 wadda aka zagaye ta da ɓawon kifin teku mai walƙiya, ta farkonta an yi wa mawaƙi Gene Autry ne a 1933. Girmansu ɗaya, jinsin katakonsu ɗaya, amma D-45 takan kai kusan ninki uku a farashi. Akasarin bambancin kuɗin nan ladan aikin hannu ne na yanka ɓawo da dasa shi ɗaya bayan ɗaya. Idan an ji bambanci a murya, daga zaɓen katako ne da yadda aka sassaƙa sandunan ciki. Wato a can sama ana gama gina jita mai murya tukuna, sannan a ɗora mata ado, a caji mai saye kuɗin adon daban. A kasuwar masu araha ana kwaikwayon adon ne da roba da sitika, don shi ne abin da ya fi sauƙin kwaikwayo.

Yanzu ga abin da za ka yi ranar da ka koma. Ka tafi da mutum ɗaya da ya iya ko da ɗan kaɗan, da katin ATM guda huɗu ko wasu katuna masu irin kaurinsa, da rula, da falle ɗaya na takarda, da waya mai manhajar saita sauti. Ka fara duba tsirkiyoyin. Idan ɗaya tana da sababbi ɗayar kuma nata sun yi tsatsa a rataye, gwajin ba adalci, don tsohuwar tsirkiya tana kashe muryar kowace jita. Ka nemi mai shago ya sa wa wadda ta tsufa sababbi, ko da kai za ka biya. Ka saita duka biyun da wayar. Sannan ka ja da baya taku huɗu ko biyar, ka juya musu baya, abokinka ya buga abu ɗaya a kan kowacce, yana sauya su ba tare da ya faɗa maka ba, kamar sau shida. Mai riƙe da jita ba ya jin abin da 'yan kallo ke ji, saboda sautin gaba yake tafiya, kuma ido yana yi wa kunne shisshigi ba tare da mutum ya sani ba. Abin da za ka saurara: shin tsirkiya mai kauri tana da zurfi ko ƙwas take yi ta mutu, siraran suna da zaƙi ko ƙarar gwangwani suke yi, kuma idan an kaɗa shidan tare kana iya rarrabe su ko sun cakuɗe. A kaɗa tsirkiya ɗaya a sake ta, ka ƙirga a zuci har sautin ya ɓace, a yi haka a kan ɗayar. Wadda ta fi daɗewa tana da maki. Idan ka zaɓi jita ɗaya sau biyar cikin shida kana juye da baya, kunnenka ya yi magana, ka yarda da shi.

Daga nan sai wuya, kuma a nan muke so ka fi daɗewa, domin wuya ne ke sa mai koyo ya ci gaba ko ya rataye jita a ƙusa. Ka ƙirga ƙarafunan da aka gitta a wuya har na 12. Ka zura katuna tsakanin kan ƙarfen da tsirkiya mafi kauri. Kati ɗaya kaurinsa milimita 0.76 ne, uku sun kai kusan 2.3, huɗu kusan 3. Jita mai tsirkiyar ƙarfe ta dace ta tsaya wajen 2.5 a ɓangaren mai kauri, wajen 2 a ɓangaren siririya. Idan katuna uku suka shiga da ɗan sarari, lafiya lau. Idan huɗu suka shige suna lilo, tsirkiya ta yi sama, yatsu za su sha wuya, kuma sautin zai riƙa haurawa duk lokacin da ka danna. Wannan yakan gyaru idan farin ƙashin da ke zaune a cikin jaki yana da sauran tsayi: ana zare shi a goge ƙasansa a kan samfefa da aka shimfiɗa a wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri, kuma don a sauke rabin milimita a ƙarfe na 12 sai an cire milimita ɗaya daga ƙashin. Idan ka ga an riga an goge ƙashin har ya kusa nutsewa cikin jaki amma tsirkiya tana sama, wuyan ne ya sunkuyo gaba. Gyaran wannan sai an cire wuya gaba ɗaya, ya fi kuɗin jitar. Ka ajiye ta ko da furanninta sun kai ɗari.

Ka danna tsirkiya mai kauri a ƙarfe na 1 da na 14 lokaci ɗaya, ka leƙa tsakiya wajen na 7. Ya kamata a ga ɗan sarari kamar falle biyu ko uku na takarda. Babu sarari ko kaɗan, za ta riƙa zizar ƙarfe. Sarari mai yawa, wuya ya lanƙwashe. Jitar tsirkiyar ƙarfe tana da sandar ƙarfe a cikin wuya wadda ake juyawa da alanki, wato ɗan ƙarfen murɗa kusa, don miƙe lanƙwasar, ta cikin ramin sauti ko ta kai. Ka tabbata tana nan kuma tana juyawa, amma kada a wuce rubu'in zagaye a lokaci ɗaya. Ka ɗaga jitar ka hangi wuyan daga kai zuwa jiki: idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tashi, ya murɗe, wannan ba shi da magani. Sai ka bi kowace tsirkiya gaɓa-gaɓa tun daga sama har ƙasa kana sauraron ziza ko wurin da sauti ke mutuwa. Na ƙarshe, ka kaɗa tsirkiya a sake ka duba wayar, sannan ka danna ta a ƙarfe na 12 ka sake dubawa. Harafi ɗaya ya kamata ta nuna, allura a tsakiya ko dab da ita. Idan ta kauce sosai a duka tsirkiyoyin, an liƙa jaki ba a wurinsa ba, jitar ba za ta taɓa saituwa ba. Auna da rula ma yana nunawa: daga farin matashin da ke saman wuya zuwa ƙarfe na 12, da daga nan zuwa ƙashin jaki, tsawon kusan ɗaya ne, na biyun ya ɗara da milimita biyu ko uku kawai.

Takardar nan kuma ta jaki ce. Ka gwada zura kusurwarta ta bayansa. Idan ta shige ciki sosai, ya fara rabuwa da fuska, kuma kilo 70 ɗin nan ba za su bar shi ba. Fenti mai kauri yana da hannu a nan ma, domin wasu masana'antu kan liƙa jaki a kan fentin maimakon a kan tsuran katako. Ka kwantar da rula a bayan jaki: ɗan tudu kaɗan ba laifi, babban kumburi tare da lotsawa a gaban jaki yana nufin sandar ciki ta saki. Ka kunna fitilar waya ka leƙa ciki, ka ƙwanƙwasa fuska da baya da yatsa kana sauraron wani abu mai karkarwa. Kunnuwa su juya da santsi, ba sakwa-sakwa ba. Sunan da ke kai ma kada ya ruɗe ka, ana buga na jabu da sunayen manyan kamfanoni irin Yamaha, don haka ka duba takardar da ke liƙe a ciki da lambar jitar.

Akwai wani abu da ya shafi ƙasarmu musamman. Ka kalli bakin ramin sauti da kyau. Idan layukan katakon fuska sun gangara ta kaurin bakin ba yankewa, falle ɗaya ne na gaske. Idan ka ga hawa-hawa, falle uku ne aka manne. Falle ɗaya ya fi murya, kuma tana ƙara buɗewa da shekaru. Sai dai ana haɗa jita ne a ɗakin da danshin iskarsa ke wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, a Jigawa da Kano kuwa cikin hunturu danshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Katako falle ɗaya mai faɗin santimita 40 zai iya tsukewa da milimita 2 ko 3, alhali an ɗaure shi ta kowane gefe, sai ya tsage, galibi daga jaki zuwa ƙasa. Mai falle uku ya fi jure wannan saboda an gicciya fallayen. Don haka idan maras adon mai falle uku ce kuma an gina ta da kyau, kada ka raina ta, ga mai zama ƙauye ma kusan ta fi kwanciyar hankali. Idan falle ɗaya ce ka yi sa'a, amma ka ɗauki nauyi: daga Nuwamba zuwa Maris ta kwana a cikin gidanta a rufe, tare da soso da aka jiƙa aka matse shi sosai, a cikin gidan sabulu da aka huda wa ramuka, kana sake jiƙa shi duk kwana biyu ko uku. Ruwa kada ya taɓa katako. Alamar ta fara bushewa ita ce bakin ƙarafunan wuya su fara kartar hannu. Hunturun nan kuma shi ne ke tona asirin ado mai araha, domin katako na tsukewa roba ba ta bin sa, sai ziri ya ɓalle, furanni su ɗago su riƙa kama yatsa, fenti mai kauri ya yi tsaga-tsaga.

Maganar Yaya da abokanka ba ta banza ba ce. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma mai fita gaban jama'a yana da haƙƙin ya fita fes. Jitar da mutum ke sha'awar gani ma ya fi yawan ɗaukarta. Da a ce biyun sun yi kunnen doki a murya da wuya, da mun ce ka bi ido. Abu ɗaya kuma da baƙar ta fi ɗayar da gaske shi ne wurin jona waya, don a filin biki jita ba ta da ta cewa a gaban kalangu sai da sifika. Ka sa a jona ta a shagon, ka kaɗa tsirkiyoyin ɗaya-ɗaya ka ji ko ƙarfinsu ɗaya, ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza wayar sifikar a bakin soket ɗin ka ji ko tana yankewa. Irin wannan na'ura tana cin batir mai bolt 9, kuma a jita mai araha ita ce kan fara lalacewa. Ana sayar da wadda ake maƙalawa a bakin ramin sauti ba tare da an huda komai ba, tana aiki da tsirkiyar ƙarfe, idan ta lalace a cire a sa wata. Wannan ya fi ka ɗaure kanka da jitar da ba ta da murya saboda soket ɗaya.

Ado kuwa kana iya yi wa maras adon, muddin ka bar fuskarta ta huta. Ka kai wa dukawa su yi maka maratayi na jar fata mai zane, faɗin yatsa huɗu, a bidiyo shi ake fara gani a ƙirjinka. Tela ya yi wa gidanta aiki. Sitikar ado a kan kai ko a allon yatsu ba ta taɓa murya. Abin da ba a yi shi ne shafa fentin mai a fuska, manna madubai ko ƙarafa, buga ƙusa, ko goge ta da man gyaɗa ko kananzir don ta yi sheƙi, tsumma mai laushi busasshe ya isa. Kada ka jingine ta da bangon ƙasa, saboda gara da danshin damina, kada kuma ka rataye ta dab da rufin kwano ko ka bar ta a but ɗin mota da rana. A kan babur ka goya ta a baya cikin gidanta. Tunda a ƙauye kake, ka sayi tsirkiya saiti biyu ko uku tun a Kano, masu lamba 11 zuwa 52 ko 10 zuwa 47, sun fi sauƙi a yatsa kuma sun fi sassauta wa jaki. Idan ta nailan ce ka sayo, kada ka taɓa sa mata ta ƙarfe, za ta tumɓuke jakin.

Shi kuma Yaya kada ka yi masa gardama a gida. Ka roƙe shi ya raka ka, ka ce kana son ya taya ka zaɓe tunda da guminsa a ciki. A shagon ka sa shi ya juya baya kamar yadda muka faɗa, a buga masa biyun, shi da kansa ya nuna wadda ta fi. Idan ba zai samu zuwa ba, ka ɗauki sautin kowacce da waya daga nisa ɗaya, kada ka faɗa masa wacce ce wacce, ka kunna masa ta sifika. Idan ya nuna baƙar, kuma ta ci gwajin katuna, na takarda da na ƙarfe na 12, to ka saye ta ba tare da wata damuwa ba, ka dai riƙa kai ta inuwa. Kafin ka biya, ko wacce ce, ka nemi rasit mai ɗauke da lambar jitar, ku kuma yi magana da mai shago a gaban shaida cewa idan jaki ya ɗaga ko wuya ya juya cikin mako biyu za ka dawo da ita a canza maka.